Ƙugiya, Hamza da Karan Ɗori: Tarihin Ƙananan Alamomi Daga Allo Zuwa Kwamfuta

Tsakanin Sabon Birni da Tsibiri babu wata tafiya mai nisa. Gobirawa ne nan, Gobirawa ne can, tsagar fuska ɗaya, kakanni ɗaya. Tsibiri ita ce mazaunin da sarakunan Gobir suka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, daga can ne kuma Ɗan Halima ya ɓalle ya zo ya kafa Sabon Birni. Da Turawa suka ja iyaka sai Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa hannun Ingila. Rabon bai tsaya ga haraji da tuta ba, har cikin alƙalami ya shiga. Yaron da ke firamare a Isa ana koya masa ya rubuta 'ya'ya da hamza gaban kowace y. Ɗan uwansa da ke koyon Hausa a wata makaranta ta jihar Maraɗi kuwa ƴaƴa zai rubuta, da ƙugiya a kan harafin. Abin dariyar shi ne Bagobiri a bakinsa ba ya faɗin ko ɗaya daga ciki, ɗiya yake cewa.

Shekara da shekaru wannan bambanci bai hana kowa barci ba, domin ido yana gane nufin marubuci. Ranar da kwamfuta ta shigo maganar ce lissafi ya canza, don ita ba ta san nufi ba, lamba ta sani. Kuma ba Hausawa kaɗai suka gamu da wannan ba. Mutanen da suka ƙera manyan manhajojin da ke tafiyar da kwamfutocin duniya, su ma sun daɗe suna kai ruwa rana a kan ɗan karan ɗori da hamza a cikin littattafansu na jagora. Labarin nasu da namu sun haɗu a wuri guda, amma sai an faro daga allo kafin a ga mahaɗar.

Ƙasar Gobir ba baƙuwar rubutu ba ce. A Maratta aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kuma kufan Alƙalawa, birnin da ya faɗi a 1808, yana nan cikin yankin Sabon Birni. Malaman wancan zamani da na bayansu, irin su Nana Asma'u da ƙanenta Isa, sun rubuta waƙoƙin Hausa da ajami, da hannun Magaribi da wasulan ruwayar Warshu. Sun sami dabarar sautukan da Larabci ba shi da su: suka ɗauki ط suka ba shi aikin ɗ, suka ɗauki ق suka ba shi aikin ƙ, wasalin e kuma suka riƙa nuna shi da ɗigo a ƙasan baƙi. Amma aya da waƙafi da alamar tambaya irin waɗanda muka sani yau babu su. Abin da ake da shi shi ne jan tawada da ake ware kanun magana da shi, da ɗige-ɗige uku ko ɗan da'ira tsakanin ɗango da ɗango, da kalmar da ake sawa a gindin shafi don ta nuna farkon shafi na gaba, tun da yake takardun ba a ɗinke suke ba, cikin gafaka ake adana su.

Rashin ayar bai zama aibi ba, domin ba a yi littafin don mutum ya kulle ɗaki ya karanta shi kaɗai ba. Gaban malam ake ɗaukar karatu. Inda za a tsaya da inda za a zarce, muryar malam ce ke nunawa. Wannan ya kamata a riƙe shi da kyau, domin duk tarihin alamomin rubutu tarihi ne na ƙoƙarin maye gurbin wannan murya, a lokacin da takarda ta fara tafiya inda malam bai je ba.

Boko ya fara da hannun ƴan mishan da matafiya. J. F. Schön ya buga jerin kalmomin Hausa a 1843, ya fitar da nahawu a 1862, sannan Magana Hausa a 1885, wanda da yawa daga cikinsa daga bakin wani Bahaushe mai suna Dorugu ya ɗauko. C. H. Robinson ya biyo da ƙamusunsa a ƙarshen ƙarnin. Kunnen waɗannan mutane bai cika rarrabe k da ƙ ba, balle d da ɗ, saboda haka rubutunsu ya sha haɗa baki da baƙi a wuri ɗaya. Da Gwamna Lugga ya zaɓi haruffan Romawa su zama na aikin mulki, sai aka buƙaci ƙa'ida. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, ya kuma fitar da ƴar takardar dokokin rubutun Hausa a 1912. Littattafan wancan tsakani, har zuwa babban ƙamusun Bargery na 1934, sun riƙa nuna waɗannan sautuka ta hanyar jingina wa harafi wata alama, wani ya ɗiga masa ɗigo a ƙasa, wani ya rataya masa hamza a gefe.

Duk wanda ya san aikin maɗaba'a ta dalma ya san wahalar wannan. Ɗigo ƙarami ne, yana karyewa, tawada tana cinye shi, mai jera haruffa yana mantawa da shi. Cibiyar nazarin harsunan Afirka da aka kafa a Landan a 1926, wadda Diedrich Westermann yake cikin jagororinta, ta ba da shawarar a daina jingine-jingine, kowane sauti a ba shi harafinsa sukutum. Wannan hanya ce Rupert East ya bi a Hukumar Talifi ta Zariya, kuma a ƙarshen shekarun 1930 ɓ da ɗ da ƙ suka samu gindin zama. Lokacin ya yi daidai, domin a shekarun ne aka buga Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, kuma a Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa. Jarida ce ta kai ƙugiya ƙauye. Ita ce kuma, tare da littattafan Zariya, ta saba wa mai karatu da aya, waƙafi, ruwa biyu da alamar buɗe magana, har suka zama tamkar da su aka haifi harshen.

Sai dai an yi aikin an bar saura. Haruffa uku suka sami ƙugiya, na huɗu aka bar shi da hamzarsa a gaba, wato 'y. Ita kanta hamzar tsakiyar kalma, ta ma'ana da sa'a da jama'a, aka ara mata alamar da Turawa ke amfani da ita wajen nuna an shafe harafi. A wajensu alamar rubutu ce kawai. A wajenmu baƙi ce cikakkiya, kamar b, kamar k. A kan takarda wannan aro bai cuci kowa ba. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta ci gaba da gyaran ƙa'idoji, musamman raba kalmomi da haɗa su, ba ta taɓa wannan ba.

A ƙetaren iyaka kuwa Faransa ba ta damu da koyar da Hausa ba, sai dai ta rubuta sunayen garuruwa da kunnenta. Shi ya sa har gobe allon hanya ke cewa Guidan Roumdji, Madaoua da Tibiri, alhali mutanen wurin Gidan Rumji, Madawa da Tsibiri suke faɗi. Bayan samun ƴancin kai aka zauna a Bamako a 1966 ƙarƙashin UNESCO don daidaita rubutun wasu harsunan Afirka ta Yamma, Hausa na ciki. Nijar ta fara makarantun gwaji na koyarwa da harshen gida a Damagaram a 1973. An sake zama a Yamai a 1980 don kusanto da rubutun ƙasashen biyu, kuma an kusanto ƙwarai. Amma da gwamnatin Nijar ta tabbatar da ƙa'idarta a 1999, ƴ mai ƙugiya ce a ciki. Najeriya ta zauna kan 'y.

Zamanin tafireta kuwa ba sai an daɗe a kansa ba. Yawancin injinan da ke ofisoshin En'e da na ƙananan hukumomi na Turanci ne, sai akawu ya buga k, in yana da himma ya bi da biro ya lanƙwasa mata kai, in ba shi da ita ya bar ta haka. A shekarun 1980 an zana jerin haruffa na bai ɗaya don harsunan Najeriya, har da hannun mashahurin mai zanen haruffa na Jamus, Hermann Zapf, amma kafin abin ya bazu kwamfuta ta riga ta tsaya a bakin ƙofa.

Ita kwamfutar da nata gadon ta zo. Jerin lambobin da Amurka ta tsayar a 1963, wanda ake kira ASCII, gurabe 128 kacal gare shi. A irin wannan ƙunci ba a ware wa kowace alama gurbinta ba. Ɗan gajeren kara guda ɗaya shi ne karan ɗori, shi ne alamar ɗebewa a lissafi, shi ne kuma dogon kara in an rasa yadda za a yi. Ɗan tsinke guda ɗaya a sama shi ne hamza, shi ne kuma alamar buɗe magana da rufe ta. A cikin wannan gida aka haifi manhajar Unix a ɗakin binciken Bell Labs da ke New Jersey a 1969, a hannun Ken Thompson da Dennis Ritchie.

Akwai wani abu game da Unix da ba a cika faɗi ba: da aikin buga takardu ta fara cin abinci. Hujjar da masu ita suka kafa don a ci gaba da kashe musu kuɗi ita ce za ta taimaka wa masu buga takardun rajistar ƙirƙira na kamfanin. Littafin jagorarta na farko yana ɗauke da kwanan wata 3 ga Nuwamba, 1971, kuma tsarin da aka sa masa yana nan har yau: kowane umarni da shafinsa, a fara da sunansa, sai yadda ake kiransa a taƙaice, sai bayani, sai inda za a duba don ƙari, har da sashen da ake faɗin aibin manhajar ba tare da kunya ba. Duk wanda ya zauna gaban Linux ko macOS ya buga man tare da sunan umarni, jikan wancan littafi ne ke fito masa.

Da ɗakin binciken ya sayi injin ɗab'i mai aiki da haske, Joe Ossanna ya rubuta manhajar troff a wajajen 1973 don ta sarrafa shi. Injin ɗab'i ba tafireta ba ne, ya san karan ɗori daban, alamar ɗebewa daban, ya san alamar buɗe magana ta lanƙwasa nan, ta rufewa ta lanƙwasa can. Saboda haka troff ta kafa doka: in ka buga ɗan kara shi kaɗai, karan ɗori ka nema, in alamar ɗebewa kake so, sai ka sa masa karkataccen layi a gaba, wato \-. Ossanna ya rasu a 1977, Brian Kernighan ya sake gina manhajar, Doug McIlroy ya tsara ƙa'idojin shafukan jagora na bugu na bakwai a 1979, daga baya James Clark ya rubuta groff, wadda aka saki a 1990, ita ce kuma yawancin masu Linux ke amfani da ita.

Dokar tana nan, amma wa ya bi? Dubban mutane sun rubuta dubban shafuka, kuma a fuskar kwamfutocin wancan lokaci ko ka bi ko ba ka bi ba kara ɗaya ne zai fito. Laifin da ba ya nuna kansa, ba mai gyara shi.

Abin da ya tona asirin shi ne abin da ya ceci ƙugiyar Hausa. A 1991 aka fitar da Unicode, jerin da ya yi niyyar bai wa kowane harafi na kowane harshe lambarsa. Tun bugun farko namu suna ciki: ƙ tana U+0199, ƴ tana U+01B4, ɓ tana U+0253, ɗ tana U+0257. Mai lura zai ga lambobin biyu na ƙarshe sun yi nisa da na farko, dalili kuwa an ajiye ɓ da ɗ ƙanana a unguwar alamomin masana furuci, manyansu kuma a wata unguwa. Wannan ne ya sa aka daɗe ana samun salon haruffan da ke da Ɗ babba amma ya rasa ƙarama, sai ka ga ɗan akwati a tsakiyar kalma, ko harafin ya fito da wata kama daban da ƴan uwansa. A watan Satumba na 1992 kuma Ken Thompson ɗin nan dai, shi da Rob Pike, suka tsara UTF-8, hanyar da ta sa tsofaffin haruffa 128 da sababbi dubbai suka iya zama a fayil ɗaya ba tare da rikici ba. Da ita ake rubuta kusan duk shafukan intanet a yau.

Da kwamfutoci suka koma UTF-8, sai troff da jikokinta suka sami ikon yin abin da aka umarce su tun farko. Inda marubuci ya yi sakaci ya buga kara tsirara, sai karan ɗori na gaske ya fito, mai lamba U+2010. A ido kusan babu bambanci. Amma ɗalibi ya ga an rubuta ls -l a shafin jagora, ya kwafa ya liƙa, sai kwamfuta ta ce ba ta san fayil mai wannan suna ba, don abin da ya ba ta ba shi ne karan da take jira ba. Ya nemi kalmar a cikin shafin, ba za ta fito ba. Hamza ma haka, ta miƙe a hannun marubuci ta fito a lanƙwashe, umarni ya lalace. Shekaru aka yi ana rufa wannan asiri ta hanyar sa manhajar ta mayar da alamomin zuwa na ASCII a ɓoye. Da groff 1.23 ta fito a Yulin 2023, masu kula da ita, G. Branden Robinson na gaba, suka janye wannan rufin don a tilasta gyara shafukan daga tushe. Aka yi ta cacar baki, musamman tsakanin masu Debian, ɗaya daga cikin rassan Linux, har mai kula da groff a can, Colin Watson, ya mayar da rufin a nasu ɓangaren. Masu tsaurin suna da gaskiya a ƙa'ida. Masu sassaucin suna da gaskiya a aikace, domin mai neman yadda zai gyara injinsa da tsakar dare bai zo koyon fasahar ɗab'i ba. A ganina duka biyun sun yi aikinsu: rufin ya kare mai karatu na yau, hayaniyar kuma ta sa mutane da yawa sun koma sun gyara shafukansu.

To, a nan ne labarin ya dawo gida. Aron hamzar da aka yi ya zo biya. A wajen manhajar da ke karɓar umarni a Unix da Linux, miƙaƙƙiyar hamza alama ce ta buɗe zance da rufe shi. In ka sa wa fayil suna ma'aikata ka buga sunan haka kawai, kwamfuta za ta yi tsaye tana jiran ka rufe abin da take zaton ka buɗe. In kuwa 'ya'ya ka buga, hamzojin biyu za su kashe juna, ta karanta yaya. Ɗiya sun koma babban wa ke nan, ba tare da ta yi maka ko gargaɗi ba. A manhajojin rubutu irin su Word wata matsalar ce: ka fara kalma da hamza, sai ta ɗauka zance za ka buɗe, ta juya alamar ta fuskanci baya. Shi ya sa kalma ɗaya kamar ƴan take yawo a intanet da kama huɗu ko biyar, wani da miƙaƙƙiya, wani da mai kallon dama, wani da mai kallon hagu, wani da ƙugiya, wani kuma ya yar da komai ya rubuta yan. A wajen injin bincike da ƙamus na waya da manhajar fassara, waɗannan na iya zama kalmomi mabambanta.

Masu yar da ƙugiya ma ba duka ne ragwaye ba. Lokacin da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, saƙon tes guda yana ɗaukar haruffa 160, amma da ka sa ƙ guda ɗaya, in ma wayar tana da ita, sai saƙon ya koma wani tsari mai ɗaukar 70 kawai, kuɗi ya ninka. Tsara guda ta tashi tana rubuta kasa a wurin ƙasa don tattalin kati. Wannan uzuri ya ƙare. Windows tana da tsarin madannai na Hausa, Linux tana da shi, Gboard a waya yana da shi, kuma WhatsApp ba ya ƙirga wa kowa harafi.

Unicode ta riga ta ware wa hamzar da take baƙi lambarta, U+02BC, daban da ta alamar rubutu, U+2019, daban kuma da tsohuwar miƙaƙƙiya, U+0027. Kwamfuta tana ɗaukar ta farkon a matsayin harafi, ba ta yanke kalma a kanta, ba ta kuma ɗauke ta a matsayin buɗe zance. A wasiƙa ko labari, kowace ka sa mai karatu zai gane. A littafin jagora, inda za a kwafi abin da ka rubuta a miƙa wa inji, zaɓin ba na ado ba ne. Shafukan jagorar Linux an fassara su zuwa Jamusanci, Faransanci, Sifaniyanci da wasu harsuna, Hausa ba ta shiga jerin ba tukuna. Ranar da matasanmu za su fara wannan aiki, kuma ya kamata su fara, tambayar farko da za ta tare su ita ce wace hamza, kuma 'y ko ƴ.

A kan ta biyun, ni dai ina bayan Nijar, kamar yadda mai karatu ya gani a wannan rubutu. Harafi ɗaya ne, lamba ɗaya, yana da babba yana da ƙarami, ba ya rikita inji, kuma ya cika tsarin da East ya faro ya bari a uku. Marubuta da yawa a Najeriya sun riga sun koma kansa da kansu ba tare da wata sanarwa ba. Abin da ya rage shi ne cibiyar nazarin harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero, da malaman Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ta Ahmadu Bello, su zauna da takwarorinsu na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, su tabbatar da ƴ a ƙasashen biyu, su kuma rubuta lambar kowane harafi da ta hamza a cikin ƙa'idojin rubutu, don masu ƙera madannai da masu buga littattafan firamare na Isa da na Maraɗi su sami abu ɗaya da za su bi.